Baba ya aske shaida

Jama'a, yau tsafta ta kayar da ilimin likitanci warwas!

Gashin Baba na zuba, farcensa na farfashewa. Da ƙyar na lallashe shi, muka sha gargada a babur daga Fakku har asibitin Tambuwal.

Nas ya ce, "Baba, a tuɓe hula in ɗebi gashi don gwaji."

Da ya tuɓe, sai ga kai tal kamar bayan ƙwarya! Farce kuwa an yanke har tsoka!

Na ce, "Baba, yaushe?!"

Ya ce, "Da sassafe. Ni ka zuwa gaban likita buzu-buzu kamar mahaukaci?"

Nas ya ce sai sun tsiro mu dawo. Raina ya ɓaci!

Gashin da muka zo nunawa yana Fakku, gindin bishiyar wanzami.