Ƙaramar Giyar Motar Baba

Akwai wata safiyar damina da ba na jin zan manta da ita har in bar duniya. Ina aji uku na ƙaramar sakandare, ranar zan rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana, kuma Baba ya ce shi da kansa zai kai ni garin Kunci, inda za a yi ta, a motarsa.

Sai na fara da motar. Tsohuwar jif ce mai ruwan ƙasa, Baba ya saye ta a gwanjo tun kafin a haife ni. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Allurar mai ta daɗe da mutuwa, sai dai ya zura kara a tanki ya duba. In ka shiga, warin fetur da taki da busasshen barkono ne zai fara tararka. Amma duk ƙauyenmu babu wanda zai ce ya taɓa ganin ta ƙi tashi. Ta kai gyaɗa kasuwa, ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare, ta kai gawa. In abokan Baba suka dame shi ya sayar ya sayi ta zamani, sai ya ce ya ga na zamanin a gareji an jona musu na'ura kamar marasa lafiya, tasa kuwa sifana da filaya sun ishe ta.

Kusa da sandar giya akwai wata 'yar gajeruwar sanda da Baba ya naɗe da leda ya ɗaure da roba. Ni ba mai magana ba ce, idona ne yake yawo, kullum na shiga motar sai na kalle ta. Ran da ƙanena ya kai mata hannu, Baba ya buge hannun, ya ce wannan ita ce giyar da ke sa ƙafafun motar huɗu su ja gaba ɗaya a taɓo ko a yashi, kuma saboda ita ya sayi motar. A ganinsa duk abin da ake yawan taɓawa cinyewa yake yi, don haka ajiye ta yake sai ranar wahala. Ko da rani in motar ta nutse a yashin rafi, gara ya kira samari su tura da ya kwance ledar nan. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Haka muke yi wa duk abu mai daraja a gidanmu. Kwanukan jeren Inna ma ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba.

Ana gobe jarrabawa Inna ta ga hadari ya haɗu a gabas, ta ce a kai ni gidan Goggo a Kunci in kwana can. Baba ya yi dariya ya ce masu babur ne ke tsoron ruwa. Ni ma kwanan na fi so, amma ba a tambaye ni ba.

Aka kwana ana ruwa. Bayan sallar asuba muka fita, na rungume katin jarrabawa da biro biyu a cikin hijabi. Ruwa ya kwanta a tsakanin kunyoyin gero, kwaɗi sun cika ko'ina da kuka. Motar ta yi ta ratsa kududdufai kamar yadda ta saba, har muka iso kwarin fadamar da ake hayewa kafin a hau kwalta. Ruwa ya cinye hanyar, ya bar baƙin taɓo. Baba ya tsaya ya duba, ya yi bismillah ya shiga. Muna kaiwa tsakiya tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya, motar ta zauna.

Baba bai damu ba. Na ma ga kamar daɗi ya ji. Ya dube ni ya ce, "Uwata, yau za ki ga abin da nake ajiya." Ya warware robar a hankali, ya ninke ledar ya sa a aljihu, ya taka kuloci ya ja sandar. Ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu. Ya tokare ƙafa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ya sauka ya samo dutse ya naɗe da tsumma ya yi ta buga ta, ya tsiyaya mata baƙin mai a gindi. Abin da kawai ya fito shi ne jar tsatsa, tana zubowa a kan takalmina.

Rana ta fara ɗagawa. Babu babur ko ɗaya a hanyar, kowa ya san kwarin ba ya hayuwa bayan irin wannan ruwan. Ina kallon inuwar wata ɗorawa tana ja da baya daga kan hanya, Baba kuma yana ta cewa yanzu za mu tafi.

Can sai ga wani taubashin Baba, ɗan goggonsa, ya koro shanun huɗa zai je gona. Ya tsaya a bakin kwarin ya riƙe ƙugu.

"Alhaji, wanka ka kawo ta?"

"Kai dai kawo shanun nan."

"Shanu kuma? Ba kai ne kullum kake cika mana baki da giyar da ba a taɓawa ba? Taɓa ta mana mu gani."

"Na taɓa, ta ƙi. Yarinyar nan jarrabawa gare ta."

Ya leƙo ya gan ni cikin kayan makaranta, sai dariyar ta tsaya. Ya kwance garma, ya ɗaura igiya a gaban motar. Manoman da ke kusa suka taso, suka cusa kara da rassa a ƙarƙashin tayoyin. Igiyar ta tsinke, aka ƙulla, aka sake. Da ƙyar shanun suka fizgo motar, taɓo ya fallatso ta taga ya ɓata mini hijabi.

Da muka isa Kunci, an riga an gama takarda ta farko an shiga ta biyu. Malamin da ke kula da jarrabawar ya saurari Baba har ya gama, ya ce wallahi ya tausaya, amma an tattara takardun an rufe, babu yadda zai yi. Baba ya yi ta ba shi haƙuri, har da rusunawa, alhali a shekaru Baba ya haife shi. Ni ina gefe ina kallon taɓon da ke wandon Baba yana bushewa yana tsattsagewa. Ban yi kuka a wurin ba.

A hanyar komawa muka tsaya wurin bakanike. Ya kwance gindin sandar ya jiƙa a kananzir, ya ce babu abin da ya karye, rashin motsi ne ya sa ta daskare, irin wannan giyar so take a riƙa sa ta lokaci-lokaci don mai ya zagaya. Ya nuna wa Baba haƙoran ƙarfen ya ce, "Ka gan su, Alhaji, sababbi fil." Baba ya daɗe yana kallonsu.

Ban shiga makarantar kimiyya ba. Na ƙarasa a ta jeka-ka-dawo da ke garin kusa da mu, kuma rayuwa ta ci gaba. Motar ta ƙara shekaru tana aiki, injinta bai taɓa ba mu kunya ba. Baba bai ba ni haƙuri da baki ba, ba ɗabi'ar iyayenmu ba ce. Sai dai duk Juma'a kafin ya tafi masallaci yakan kira ni, ya zaunar da ni a gaba, ya taka kuloci ya ce in ja sandar da hannuna, mu zagaya bayan gari mu dawo.

Abin da na koya a kwarin nan shi ne, duk sassan motar da muke wahalar da su kullum ba su yaudare mu ba. Wanda muka fi ji da shi, muka hana shi aiki, shi ne ya ƙi tashi ran da muka neme shi. Tun daga lokacin, duk abin da na san zan dogara da shi wata rana, ba na jiran ranar kafin in gwada shi.