Wayar da Muka Lulluɓe

A da na yi imani cewa na'urar da ta yi shiru ta mutu, kuma duk abin da ya mutu a ofis akwai wanda ya kashe shi. Da wannan imani na karɓi shugabancin kwamitin binciken wayar taro ta ofishinmu na Gumel, wata baƙar aba mai ƙafa uku da muke ganawa da reshen Maigatari ta cikinta.

Bayan an yi wa ɗakin taro fenti, sakatariyarmu, wata baiwar Allah 'yar Filato, ta mayar da kebul ɗin wayar cikin ɗaya daga ramuka biyu da ke bango. Wayar ba ta kawo haske ba. Darakta ya ce ta ƙona ta, kuma in bincike ya tabbatar, za a tura ta aiki garin Sule Tankarkar, nesa da makarantar 'ya'yanta. Ya hana kowa taɓa wayar. Aka lulluɓe ta da ƙyalle, har masu shigowa suka fara rage murya.

Mun sha zama. Akantan ofis ya shinshina wayar ya ce yana jin ƙauri. Daga baya aka gane gyaɗa ake soyawa a bayan taga. Ni kuwa na karanta cewa irin wannan waya ta kebul take shan wuta, kuma ba kowane rami ke bayarwa ba. Gwadawa saɓa umarni ne, don haka na nemi izinin nuna wa kwamiti yadda ya kamata a yi tun farko. Na sa kebul a ɗaya ramin. Shiru. Na mayar da ƙyallen, muka ci gaba da muhawara.

"Madam, kin dai gani," in ji Darakta, yana duban sakatariya. "Ko da yake mun huta. Mutumin nan na Maigatari in ya kama magana sai la'asar, kuma rabinta tsadar raguna ce."

"Ranka ya daɗe, ai sun yi sauƙi," in ji wata murya daga ƙarƙashin ƙyallen. "Ban so in katse ka ba ne."

Shugaban reshen Maigatari ne. Ashe wayar takan ɗan jima kafin ta farka, kuma an saita ta tana amsa kira da kanta, shi kuwa kullum sai ya gwada kira.

Sakatariya tana nan Gumel. Tun ranar ba a soma hira a ɗakin taro sai an zare kebul.