Maci Amana Ya Je Gaida Kaka

Kafanchan

Gari bai waye ba ranar Asabar Kawu Ayuba ya fara buga mini ƙofa da sandarsa. Ƙarfe biyar da rabi muka nufi tasha, shi yana tafe yana waƙar sujada a hankali, ni ina biye da jaka. Kawu dattijo ne a ikilisiyarmu, shi ne zai yi mini magana a gidan su Zigwai, yarinyar da nake so in aura.

Bari in gaya muku dalilin tafiyar. A bikin Ista da ya wuce, matasan ikilisiyarmu suka shirya fim a kan wahalar Ubangiji. Da aka zo rabon aiki, kowa ya ƙi zama almajirin nan da ya ci amanarsa. Ni malamin firamare ne, ban taɓa wasan kwaikwayo ba, amma aka juyo aka dube ni, aka ce ina da gemu da irin idon da ake nema. Na yarda don dai a tashi taron in je in ci abinci. Fim ɗin ya bi wayoyin mutane har inda ban taɓa zuwa ba, daga nan sunana Ɗanladi ya ɓace, na koma Maci Amana.

To, kakar Zigwai, wadda ta raine ta tun tana goye, ita ma ta kalla a wayar wani jikanta. Ta aiko cewa ba za a yi maganar aure ba sai an kawo mata mutumin nan ta gan shi da idonta. A gidan kuwa, abin da Kaka ta faɗa shi ke nan. Daren Juma'a na aske gemuna tas.

Madakiya

Mu huɗu aka matse a bayan mota. Ba mu yi nisa ba na lura direba ya fi kallon madubi a kan hanya.

“Oga, ba kai ba ne?”

“Ba ni ba ne,” na ce.

“Shi ne,” in ji Kawu, ko kunya babu.

Wata mama mai ɗankwalin zumuntar mata da ke gefena ta janye jakarta ta ɗora a cinya. Ta ce, “Allah ya shirye ka, ɗana.” Can kuma ta buɗe jakar ta miƙo mini gyaɗa, wai ko mai zunubi yana jin yunwa.

A shingen bincike kusa da Madakiya jami'in tsaro ya leƙo, ya dube ni, ya ce, “Ina gemun?” Na ce na aske. Ya ce asarar reza na yi, idon yana nan. Ya ɗaga mana hannu muka wuce, motar duka tana dariya ban da ni.

Zonkwa

A Zonkwa muka sauka muka karya da ƙosai da kunu mai zafi. Nan na karanta wa Kawu jawabin da na shirya wa Kaka: fim ba gaskiya ba ne, wasa ne, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ko kazar mutum ban taɓa ɗauka ba. Kawu ya gama shan kununsa, ya goge baki, ya ce idan mun isa in rufe bakina, shi aka aiko ya yi magana. Muka canza mota zuwa Zangon Kataf ta Samaru, wannan direban bai kalli fim ba, na ji kamar in rungume shi.

Zangon Kataf

Wajen ƙarfe goma muka tsaya a shagon Alhaji Sani, abokin Kawu tun suna samari, don mu saya wa Kaka gishiri da sabulu da zane. Na ce a raina nan dai na tsira, Alhaji ba ya zuwa majami'a. Ashe yaransa sun nuna masa.

“Malam, ka iya mugunta,” ya ce yana naɗe zanen. “Har matata ta yi maka tsaki.”

Da Kawu ya ba shi labarin inda za mu, sai ya daina dariya. Ya ƙara mana sukari a leda, ya ce a kai wa tsohuwa, a gaya mata shi ya shaida yaron kirki ne.

Daga nan mashin muka hau. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya ta yi santsi, gonakin citta hagu da dama an lulluɓe su da ganye. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, takalmin da na goge da asuba ya koma na manomi.

Gidan Kaka

Zigwai ce ta tare mu a ƙofar gida. Ta dubi haɓata, ta kama baki, ta ce, “Wa ya ce ka aske? Ka koma kamar ɗan makaranta.” Na tambaye ta yaya Kaka. Ta ce tun safe ba ta yi wa kowa magana ba, ita da kanta ta tuƙa tuwo, ta hana a taya ta.

Aka shigar da mu ɗakinta. Ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a tabarma, ga tuwon acca da miyar karkashi a rufe a gabanta. Kawu ya yi gaisuwa mai tsawo, ya miƙa kaya, ya fara yabona. Ba ta ko dube shi ba, ni take kallo. Ta buɗe kwano ta tura mini, ta ce in ci. Na wanke hannu na kai loma ɗaya, ban ma ji ɗanɗanonta ba.

“A cikin waya,” ta ce, “ka tashi ka bar abinci ka fita. Ɗaki cike da manyan maza. Me ya sa ba wanda ya bi ka?”

Kawu ya gyara murya ya ce ai bisa ga Nassi, sauran almajirai sun zaci aikensa aka yi.

Kaka ta gyaɗa kai. Ta ce, “Su sun zaci aike ne. Ni na san nawa ba aike ba ne.”

Sai ta ba mu labari. Autanta, ƙanin baban Zigwai, ya sayar da cittar gida ba da sanin babansa ba. Ranar da abin ya fito, ana cikin cin tuwo aka yi faɗa, ya tashi da miya a hannu ya fita. Ita ta ce a ƙyale shi, yunwa za ta dawo da shi. A lokacin ba a haifi Zigwai ba, har yau kuwa ko labarinsa ba a ji ba.

“Ƙeyarka irin nasa ne,” ta ce da irin Hausarta. “Tafiya ma. Na sa yaro ya maimaita mini wurin nan, ina ta kira, waya ba ya ji.”

Ta nuna ƙofa ta ce, “Tashi ka fita.”

Na dubi Kawu, ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, aure ya tafi a kan fim ɗin da ko ruwan leda ba a ba ni ba. Na tashi da miya a yatsuna, na juya baya, na ɗaga labule.

“Dawo, ɗana,” in ji Kaka. “Abincinka zai yi sanyi.”

Na dawo na zauna. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, ni da na zo da jawabi. Na cinye tuwon nan kaf, ta ƙara mini, na sake cinyewa, tana zaune tana kallon kowace loma. Da na gama ta juya wajen Kawu ta ce yanzu ya faɗi abin da ya kawo shi. Sharaɗinta ɗaya ne: duk faɗan da za mu yi da jikarta, kada in tashi in bar abinci, in kuwa na tashi, Zigwai ta bi ni har titi. Ta kuma ce in mayar da gemun, ya fi mini kyau.

Komawa gida

Muka kwana a gidan mai wa'azin ƙauyen, da safe muka yi sujada da su. Yara suka cika bencin bayana suna nuna ni, Kaka ta juyo ta harare su, kowa ya shiga hankalinsa. A hanyar dawowa, da muka kai Zonkwa, Kawu ya ce shekara da shekaru yana karanta labarin jibin ƙarshen nan na Ubangiji da almajiransa, kullum wanda ya fita yake kallo, bai taɓa kallon waɗanda suka zauna ba. Na ce ni ma haka, ga shi ni ne ma na fita.

Da yamma muka iso Kafanchan lafiya. Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Kawu duk da tona ni da ya yi a mota, da Alhaji Sani, da mamar gyaɗa. Ku kuma da kuke karantawa, ina da roƙo. Idan kun san wani mutumin ƙasar citta, yanzu zai yi furfura, wanda ya bar gida da miya a hannu, a gida Auta ake ce masa, ku gaya masa mamarsa tana nan da rai. Zigwai ta ce har gobe in an tuƙa tuwo, sai Kaka ta sa an rufe masa kwano ɗaya.