Gonarmu ta Bakin Gari

Wata Talata ce, a daminar da na fara rubuta allona da hannuna. Muna noman farko a gonarmu ta bakin garin Kazaure sai ga masu awon fili da igiyarsu. Suka ratsa ta cikin geron da ya fara tashi suna kafa turakan ƙarfe, suka ce gari ya iso, za a yanka gonakin nan a fitar da hanya da rumfuna. Da suka tafi sai kakana, Malam Sule, ya jawo akuyarsa ya ɗaure a turke guda, ya ce, "Ai ga amfaninsa."

Gonar nan ita ke cika rumbunmu. A cikinta na koyi korar tsuntsu da gwangwani, nan muke gasa gyaɗa a gindin aduwa, mu yi langa bayan girbi. Hukuma ta ba mu zaɓi: ko babbar gona can wajen Gwiwa, ko ɗan fili a bakin sabuwar hanya. Mahaifina maƙeri ne, amma sai dab da damina ake kawo masa gyaran fartanya, sauran shekara zugazugi na rataye. Ya durƙusa gaban Kaka ya ce, "Baba, inda mutane suka taru nan aiki yake." Kaka ya ce, "To, sai ku dafa mutanen ku ci." Ya daɗe yana jan carbi kafin ya yarda a karɓi filin, bisa sharaɗin kada a sare aduwar.

Shekarar farko mun sha wuya, har muka koma cin awo, abin da Kaka yake jin kunyarsa ƙwarai. Mahaifina ya kafa maƙera a filin, sannu a hankali mai gawayi ya zauna kusa da mu, mai tsohon ƙarfe ya biyo shi, masu gyaran babur suka riƙa aiko da aiki. Wutar maƙerarmu ba ta sake mutuwa ba, da ita aka yi mana karatu.

Yanzu shaguna ne har gindin dutse, kuma gari ya ciyar da mu, alhamdulillahi. Kaka, Allah Ya jiƙansa, bai sake zancen gonar ba, sai dai duk ruwan farko yakan fito ya tsaya a gindin aduwar, fartanya a kafaɗa. Ni ma idan hadari ya haɗu, can ƙafata take kai ni.