Ƙirgin da Muka Shigar Ruwa a Hanyar Gashuwa

Mun tashi daga Nguru ana sallame sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, a cikin tsohuwar lorin ƙanena. Da yawanku kun tare ni a kasuwa kuna tambayar yadda abin ya faru, ni kuwa bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya kowa ya ji. Bandar kifi muka tafi ɗaukowa a Gashuwa. Na dawo babu kifi, babu mota, kuma mutum ɗaya daga cikinmu yana can kwance.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Ƙanen nan nawa a soja ya koyi tuƙi, da aka sallame su bayan yaƙi ya tattara abin da ya samo ya sayi lorin nan a gwanjo. Shi ne direbanta, shi ne makanikenta, garejinsa kuwa gindin kurnar ƙofar gidanmu. Da damina ta yi nisa sai birki ya fara kuka, in ya taka sai ka ji ƙarfe na cin ƙarfe har haƙoranka su mutu. Ya ɗaga ta a kan jak, ya kwance tayoyi, ya zare gangar ƙarfen da ke bayan kowace taya. A ciki akwai waɗansu ƙarafa biyu lanƙwasassu kamar lauje, an manna musu wani abu mai tauri da direbobi ke kira lainin, shi ne ke cizon gangar in an taka birki. Nasa ya cinye har kan ƙusoshi. Ya ba da saƙo Kano a sayo masa sabo. Jirgin ƙasa ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, shiru. Ga ruwa ya fara ja da baya, masunta sun hura wutar banda, 'yan kasuwa sai rige-rige suke yi, mu kuma mota tana rataye a ƙofar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Maƙwabcinmu wani dattijon baduku ne, Babarbare, mutumin da ko a gidan makoki sai ya sa an yi murmushi. Baba muke ce masa. Kullum yana kan buzunsa yana ɗinki yana kallon ƙanena yana tsaki. Rannan ya miƙa hannu ya karɓi tsohon lainin, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, har ya ɗan gatsa, sannan ya ce, "Soja, wannan ai ƙirgi ne kawai, Nasara ya sa masa suna." Ya shiga gida ya fito da ƙirgin wani bajimi da ya daɗe da bushewa, kauri kamar tafin hannu, wuƙa da ƙyar take shigarsa. Ya auna, ya yanka, ya huda, maƙeri ya buga musu ƙusoshin tagulla. Muka kai motar filin bayan tasha aka gwada. Da ƙanena ya taka, sai da goshina ya gaisa da katako. Muka yi ta tafi. Wani ya ce ai ƙasar tamu ma shimfiɗe take, ba dutse ba gangara, yashi kansa birki ne, kowa ya ce gaskiya ne. Ragowar ƙirgin Baba ya yanka mini takalmi da shi, kyauta.

Mai riƙe wa ƙanena weji, wato gungumen itacen da ake jefa wa taya don kada mota ta gangara, ya tafi ƙauyensu girbi. Baba ya ce shi zai riƙe. Da ma 'yarsa da ke aure a Gashuwa ta haihu bai je ba, ya ɗinka wa jaririn rigar laya da jar fata, tana cikin aljihunsa, kowa ya shigo motar sai ya fito da ita ya nuna masa.

Hanyar kun san ta, sunan hanya kawai ta ci. Layi biyu ne na sawun taya a cikin yashi, goriba dama da hagu, gonaki an karya gero an jera dammuna. Mun yi ta gamuwa da ayarin raƙuma ɗauke da kanwa za su kai tashar jirgi, in suka ji ƙarar mota sai su watse cikin kaba, masu su na bin mu da zagi da harshen da ba mu ji. Inda yashi ya yi zurfi kowa ya sauka a tura, mai babbar riga da mai warki duk ɗaya. Fasinja sun cika bodi: mata da ƙullin kaya, wani malami da gafakarsa, da wani Bafulatani siriri da ya rungume sandarsa kamar za a ƙwace.

Hantsi na ɗagawa wani ƙauri ya fara tasowa daga ƙarƙashin mota, irin na babbakar kai da ƙafa. Bafulatanin, da ya riga ya ji labarin ƙirgi, ya ce, "Kai Babarbare, saniyarmu ka sata ka ɓoye a ƙafar mota, ga shi asirinka ya tonu." Baba ya ce, "Yi shiru, ɗan bawana. Saniyarku ba ta taɓa yin aiki mai daraja irin na yau ba." Motar ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, ina tunawa yanzu raina na ɓaci.

A Jajimaji muka tsaya aka ba mota ruwa, mu ma muka jiƙa maƙoshi. Furarsu ta sha yaji, nonon kuwa ba a tsarma shi ba, ba irin na kasuwar Nguru da kake ganin fuskarka a ciki ba. Ƙosan kobo ya ishi ƙato. Wata mata ta kawo dafaffen ƙwan zabo, Baba ya saya ya ƙulle a gefen rawani wai na mai jego ne, kafin mu tashi ya cinye rabi.

Gaba da nan muka tarar da ruwa ya yanke hanya. Fadama ce ta cika ta tumbatsa, ba gudu yake ba, amma ya yi faɗi, tsuntsaye fari fat a kansa. Waɗansu masunta da ke gefe suka ce ƙasan da tauri, motar kamfani ta bi ta wuce. Ƙanena ya ce kowa ya sauka don mota ta yi sauƙi. Ku saurari wannan da kyau. Muna isa bakin ruwa kowa ya sunkuya ya tuɓe takalminsa ya ɗora a ka, ni da malamin da Bafulatanin, har da Baba, wanda ya juyo ya ce mini, "Riƙe shi sama, ƙirgi ba ya shiri da ruwa, kada ka ɓata mini aiki." Muka ratsa ruwa iya cinya, takalma a kanmu, mota na tafe a gefenmu tayoyinta sun nutse gaba ɗaya. Ta ma ɗan maƙale a tsakiya, ta jima a ciki kafin mu turo ta. Da muka fita muka mayar da takalmanmu busassu, muna murna mun yi dabara.

Mun shiga Gashuwa rana ta take. Ƙanena ya saba tattalin birki, sai ya sauke giya ya bar yashi ya tsayar da mota, haka ya yi a bakin kasuwa, saboda haka bai ji komai ba. Fasinja suka sauka. Na ce wa Baba ya je ya ga jikansa, ya ce a'a, aikin da ya ɗauka sai ya kai shi, in an yi lodi ya je ya zauna a tsanake. Muka nufi bakin kogi mu uku, ni ina gaba kusa da direba, shi yana baya da wejinsa.

Duk tafiyar nan babu gangara sai wannan guda, wadda ke sauka zuwa inda kwale-kwale ke tsayawa. Ba wata doguwa ba ce, amma ƙasanta laka ce da aka tattake. A gindinta mata ne zaune, Badawa 'yan ƙasar, sun baza tabarmi suna gyaran kifi, waɗansu da goyo, ga kwanduna an jera har bakin ruwa. Mota ta karkata kai. Na ga ƙanena ya taka birki. Ya saki ya sake takawa. Ya miƙe tsaye a kansa yana riƙe da sitiyari, ya fizgi birkin hannu, mota ba ta ko girgiza ba, sai ƙara sauri take. Ya danna oda, matan suka ɗago kai suna kallonmu, sun saba mota na zuwa ta tsaya a gabansu, babu wadda ta motsa. Ya leƙa taga ya ƙwala ihu, "Weji! Baba, weji!"

Na leƙa baya. Na ga tsohon nan ya diro, ya faɗi, ya tashi, ya bi motar da gudu da gungume a ƙirjinsa. Ya jefa, taya ta ture shi gefe cikin laka. Ya sake ɗauka. A karo na biyu bai jefa ba, ya sha gaban tayar baya ya durƙusa ya cusa shi ya danne da hannu biyu. Motar ta yi tsalle, ta karkace, ta ja gindi, ta tsaya. Tsakanin hancinta da tabarmar farko bai kai tsawon mutum ba.

Ba zan faɗa muku yadda muka same shi ba. Maza suka taru aka ɗaga motar aka zaro shi, aka kwantar da shi a inuwar wani kwale-kwale da aka kife. Yana numfashi da ƙyar, idonsa biyu. Ya ce, "An taka wani?"

Na ce, "Ba a taka kowa ba, Baba."

Ya ce, "Sai ni ke nan. To, alhamdu lillahi." Ya laluba aljihu, na gane abin da yake nema, na ciro masa rigar layar, ya tura mini ita. Malamin da muka zo da shi ya iso yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin a kira azahar ya cika.

'Yar tasa ta zo da gudu ba mayafi, jego ko arba'in ba ta yi ba. Na ga kuka a rayuwata, amma ban taɓa jin na tsani hannuna ba sai lokacin da na miƙa mata 'yar jar fatar nan. A Gashuwa aka yi masa sutura bayan la'asar. Matan bakin kogi suka aiko da tuwo da miyar kifi gidan makoki, akushi bayan akushi, ban iya kai loma ba. 'Yan doka sun tafi da ƙanena gaban alƙali, waɗanda abin ya faru a idonsu suka ba da shaida, surukin Baba ya ce su sun bar wa Allah, aka saki ƙanena. 

Washegari ya ce in zo in riƙe masa sifana. Muka ɗaga motar a nan bakin kogi, ya kwance taya, ya zare ganga. Ƙirgin nan da wuƙa ba ta shiga ya sha ruwa ya kumbura, zafin ƙarfe ya dafa shi, ya koma ganda sosai, irin wadda ake sa wa a miya, sai yauƙi yake. Ƙanena ya sa yatsa ya dangwala, yatsan ya nutse. Ya zauna a cikin laka ya rufe fuska da hannu. Masunta suka tsaya a kanmu suna kallo, a cikinsu babu wanda bai san abin da ruwa ke yi wa fata ba.

Ya ce ba zai motsa ta ba sai da lainin na gaske, ko da za ta ruɓe a wurin. Ya zauna gadinta, ni na biyo wata motar gyaɗa na dawo, ina zaune a kan buhuna da jakar kayan aikin da Baba ya tafi da ita a cinyata. Da muka iso fadamar nan direban ya ratsa, yana fita ya yi ta tafiya a hankali yana dannan birki yana saki. Na tambaye shi dalili, ya ce shanya shi yake yi, ko na Turawa ne in ya jiƙe sai an shanya. Na ji haushin da ban san wa zan ɗora wa ba.

Na shigo Nguru da yamma. Labari ya riga ni, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba, buzunsa na nan gindin kurna babu wanda ya ɗauke. Na miƙa jakar aka shigar wa iyalinsa, na zauna aka yi addu'a. Da na shiga gida uwar 'ya'yana ta nuna mini wani ƙunshi a zaure, ta ce daga tasha aka kawo, jirgin da ya shigo ranar da muka tafi ne ya zo da shi. Na buɗe. Lainin ne sabo fil, har da ƙusoshinsa.

Ajali ba ya wuce ranarsa, na yarda da wannan, kuma shi nake faɗa wa ƙanena. Amma Allah bai hana mu haƙuri ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mai mota ya gyara abin da ya iya a ƙofar gidansa, ya ɗinke tanti da fata, ya ɗaure bodi da igiya, ban hana shi ba. Birki kuwa a sa masa abin da aka yi dominsa, in babu a jira jirgi, kifi bai ƙare a kogi ba. Kuma ba rashin sani ne ya kashe Baba ba. Dukanmu mun sani, mun sani har muka ɗora takalmanmu a ka. Nawa suna nan a bakin ƙofa, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba, na kasa sa su, na kuma kasa yar da su.