Burul Eje da Gurbin da Ta Bari a Gaɓar Kamishti

An kammala ƙidayar tsuntsayen ruwa ta sanyin bana a yammacin tafkin Isik-Kul, amma gaɓa ɗaya ta fita babu adadi. Gaɓar Kamishti ce, wadda aka hana farauta a cikinta saboda yawan agwagin da ke cin sanyi a wurin. Masu ƙidaya biyu sun kawo adadi mafi girma da aka taɓa samu a can, Burul Mambetalieva kuwa ta soke shi da hannunta. Shi ne aikinta na ƙarshe a matsayin mai tsara ƙidayar. Ta sauka a makon jiya, bayan shekara ashirin da 'yan kai tana aikin sa kai.

Burul eje, wato yaya Burul a harshen yankin, kamar yadda kowa ke kiranta, tsohuwar mai sallamar motoci ce a tashar bas. Tun da ta yi ritaya, kullum da safe sai ta rataya madubin hangen nesa ta taka zuwa bakin ruwa, ko da dusar ƙanƙara ta kai ƙauri. Da sanyi ya kama, sai ta fara kiran masu sa kai ɗaya bayan ɗaya. Ba ta fara tambayar sabon shiga ko ya san tsuntsaye. Tambayarta ita ce wa ke da bindiga a gidansu, kuma wa ƙanwarsa take aure.

Dokokinta ba su da yawa. Kowace gaɓa mutum biyu, kuma ba 'yan uwa ba. Ba wanda zai ƙidaya bakin ruwan ƙauyensu. Kowa zai fara lokaci guda, ya gama kafin rana ta take, domin garken da ya tashi daga wannan gaɓa yana iya sauka a ta gaba a sake ƙirga shi. Sai kuma dokar takalmi. A ƙauyukan nan ba a wuce ƙofar mutum ya miƙo gurasa a ƙi taɓawa, ita ma ta san haka. Don haka ta ce a gutsura a tsaye, a yi godiya, a wuce. Wanda ya cire takalmi ya shiga ɗaki, ya fita daga ƙidaya.

Jildiz, mai sayar da magani wadda ta daɗe a cikin tawagar, ta ce ba a taɓa kawo wa Burul adadi ta karɓa kai tsaye ba.

"Sai in ce, 'Eje, ɗari biyar na gani.' Sai ta ce, 'Kin gani, ko kin so ki gani?' Ko idonta ba ta yarda da shi ba. Sau biyu take ƙirgawa, ta ɗauki ƙaramin."

Ranar ƙidayar bana, Ermek, malamin motsa jiki, shi da abokin tafiyarsa aka tura Kamishti. Hanyar ta bi ta ƙofar wani dattijo, Saginbek, wanda surukinsa ke yi wa mafarauta jagora. Da yamma Ermek ya kawo adadin agwagi sama da dubu uku, yana fara'a. Burul ta dubi ƙafafunsa kafin ta dubi fuskarsa.

"Safarka a bushe take. Ina ka zauna?"

"Eje, tsohon abokin babana ne. Mun gutsuri gurasa a tsaye, wallahi. Sai ya ce mu shiga ya karanta wa marigayi Alƙur'ani. Ta yaya zan ce masa ina sauri, agwagi na jirana?"

"Allah ya ji ƙan mahaifinka. Bayan karatun fa?"

"Shayi."

"Bayan shayin?"

"Matarsa ta riga ta ɗora nama."

Hantsi ya yi sosai kafin su isa bakin ruwa. A gaɓar da ke maƙwabtaka kuwa, tawagar Jildiz ta ƙirga wani babban garke tun da sassafe, ta kuma ga ya tashi ya nufi Kamishti. Burul ta haɗa biyun, ta ce garke ɗaya ne aka ƙirga sau biyu. Abin da ya fi damunta shi ne ba wanda ya san abin da ke Kamishti da safe, ko wanda ke wurin.

Washegari ta je gidan Saginbek da kanta. Maƙwabta sun shaida cewa ta gutsuri gurasa a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Dattijo, ina surukinka yake jiya da safe?"

"Ƙanwata, tambayi matarsa. Ni dai tun kafin ki san hanyar tafki nake tare baƙo a ƙofar nan. Yanzu addu'a ma sai da izininki?"

"Addu'a ba ta da laifi. Ranar da aka zaɓa mata nake tambaya."

"Ranar da na ga ɗan abokina, ita ce ranarta."

Daga nan ta wuce Kamishti. Ba ta samu harsashi a bakin ruwa ba, ba ta samu gashin tsuntsu ba. Ta ga sawun mota a kan ƙanƙara, amma masunta ma suna bin wurin. Ba ta zargi kowa a bainar jama'a ba, ba ta kuma wanke kowa ba.

'Yan tawagar sun roƙe ta kada ta soke adadin. Jildiz ta gaya mata a fili cewa dubu uku za su rufe bakin masu neman a buɗe gaɓar, gurbi kuwa makami ne a hannunsu.

"Na sani," in ji Burul. "Amma in Saginbek ya tashi a taro ya ce yaran nan a ɗakinsa suka yi hantsi, ba Kamishti kaɗai za mu rasa ba. Duk abin da muka ƙirga tun farko zai zama zancen shayi."

Ke ce, Burul eje, mai sallamar da ba ta sakin mota kafin lokaci. Ke ce kika ɗauki aikin da ake yi wa dariya kika sa hukuma take jiran sakamakonsa. Kin ɓata wa mutane da yawa rai da tambayoyinki, kuma ba mu san ko duk zarginki ya yi daidai ba. Mun dai san ba ki taɓa ba mu adadin da ke kanki ba ki yarda da shi ba. Mun gode. Masu zuwa bayanki su ɗauki wannan, ko da sun bar sauran.

Har yanzu tawagar ba ta zaɓi wanda zai gaje ta ba. Ermek ya nemi a sake tura shi Kamishti baɗi, Burul ta ce ba ita za ta yanke ba. Kwamitin gunduma zai zauna da bazara kan ko a ci gaba da hana farauta a gaɓar, kuma Saginbek na cikin dattawan da aka gayyata su yi magana.