Ciwon Da Aka Ce Aure Zai Warkar

A lokacin ni budurwa ce a wani ƙauye tsakanin Bici da Ɗambatta, ƙarfi gare ni, ni ce surfe, ni ce ɓarar gyaɗa. Amma duk wata in al'ada ta zo sai marata ta ƙulle, in zube a tabarma ina murƙususu har da amai. Innata ta ce kowace mace da haka ta girma, in daure, da na yi aure zai tafi. A jiƙa mini kanwa in sha, shi ke nan.

Aure ya zo, ciwo sai ma abin da ya yi gaba. Mai kemis ɗin kasuwarmu kuwa duk abin da mace ta kai masa sunansa ɗaya, sanyi. Na sha ƙwayoyinsa har na daina jin ɗanɗanon miya. Da shekaru suka ja ban taɓa ko ɓatan wata ba, sai aka ce iska ce, na shaƙi hayaƙi har na gode Allah. Mun je asibiti, amma maigidana ke magana, ni ina gefe kai a sunkuye. Shi ciwon ciki ya sani, shi yake faɗa. Da wane bakin zan gaya wa baƙon namiji cewa kwanciyar aure azaba ce gare ni, ko cewa bayan gida in ina al'ada kamar ana yanka ni? Aka yi hoton ciki, aka ce ba a ga komai ba. Wannan hoton shi ya kashe ni. Daga ranar na zama mai raki, in na kwanta a lokacin kaka sai in ji matan gida suna cewa ciwon nawa ya san ranar sussuka.

Sai da na suma a bakin murhu aka kai ni Kano. Can wata likita ta roƙi maigidana ya jira a waje, ta tambaye ni abubuwan da ba a taɓa tambayata ba. Ta ce tana zargin endometriosis, wato irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ya tsiro a wajenta. Ta ce sau da yawa hoto ba ya nuna shi, sai an zura 'yar kyamara ta cibiya. Aka zura, aka ga kayan cikina sun manne da juna, hanyoyin ƙwai sun lalace. Na tambaye ta haihuwa, ta ce Allah ke bayarwa, amma da wuya, kuma da na zo tun ina budurwa wataƙila da labarin ya bambanta. Masu ce mini mai raki sun zo dubiya da lemo, babu wadda ta ce in yafe mata. Har yau abin yana ci mini rai.

Abin da na koya, kunya a gaban likita ba tarbiyya ba ce, kuma hoton da bai ga ciwo ba bai ce babu shi ba. Iyaye mata, in ciwon wata yana kayar da 'yarku ƙasa, ku kai ta wurin likitan mata, ku bar ta ta yi magana da bakinta. Kwanan baya na tarar da 'yar yayana a dunƙule a tabarma tana cizon zane, uwarta na dama kanwa tana cewa da ta yi aure zai tafi. Na karɓe kofin na zubar a ƙasa, na ce wa uwar ta dube ni da kyau, ai ni ma na yi auren.